Bangon Gabas

Talata, da dare

Aikin farko: jiƙa bulo a GRA.

Injiniya Ba'indiye ya zo duba ɗakin ibadar da nake gina masa. Ya nuna mini hoton tsohon wurin bautar Hindu na garinsu, sassaƙaƙƙen dutse, ƙofarsa na kallon gabas don hasken safiya ya shiga. Ni da na saba gina masallatai, na toshe gabas, na buɗe ƙofa yamma.

Ya ce, "Malam, ta ina rana za ta shigo?"

Nasu ya shekara dubu, nawa bai yi mako ba. A masallacin Gwallaga kuma, inda nake salla, ana kirana maginin gumaka. Na sha zagi, aikin ma ban iya ba.

Gobe:
- aro guduma
- rushe bangon gabas
- neman masallacin da ba a san ni ba