Harbin Iska a Layinmu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya aikin kotu? Ina Anti da yara?

Tambaya gare ni, tunda kai ne lauyan gidan. Maƙwabcinmu mai shagon taya ya sayi bindiga irin mai ƙara kawai, wadda harsashinta ba ya da kai. Bara da hutu ya hau saman bene ya yi ta ɗirka ta. Ka san Baban yara tun da ya baro soja ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Ranar a ƙarƙashin teburin cin abinci na same shi, ya danne Auta har tana kakari. Hutu ya matso. Doka ba ta hana ba ne?

Ƙanwarki

Ƙanwata,

Lafiya lau muke. Na duba. Dokar makamai ba ta ambaci irin wannan a fili ba, sai dai a kai ƙarar damun jama'a, ita kuma ba za a saurare ta ba sai an dawo hutu. Ki je ki roƙe shi cikin lalama. Ki gaida mijinki.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je. Dariya ya yi, wai "Haba matar soja, iska fa nake harbi!" Har ya miƙo min in taɓa.

Ni yanzu ba shi ne damuwata ba. Baban yara ya daina firgita. Ya jawo kujera bakin taga, yana yini yana kallon benen. Jiya na kai masa abinci, bai juyo ba ya ce, "Sun ce miki ta wasa ce ko? Haka suke cewa." Na ce su wa? Ya ci gaba da kallon benen. Akwatinsa na ƙarfe da ya baro soja da shi, wanda ke kulle a saman sif, yau na ga an sauke shi, kuma ba makulli a inda yake ajiyewa.

Ƙanwarki

Ƙanwata,

Bar zancen doka. Ki kwashi yara ki kai su wajen Inna yau. Kada ki yi masa gardama. Gobe ina hanya.

Yayanki

Yaya,

Yara suna wajen Inna. Na bar maka wannan a hannunta, ni na koma.

Ɗazu Baban yara ya yi aski, ya goge takalmansa, ya tsallaka da fara'a ya gaida mai taya. Shi kuwa don murna ya ce bana soja ne zai buɗe harbin, su hau tare.

Ya ce to.

Don Allah kada ka tsaya ko'ina.

Ƙanwarki