Wurin da Mazen Ya Bari a Bango

Nuzla, Jidda

Ɗana Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida. Mu ma lafiya lau. Tun da iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu dai ba na wuce bakin lungu, amma wannan ba komai ba ne.

Albishirinka! Ɗanka Mazen ya zama abin kallo a unguwa. Ka tuna yadda kake bugun hannunsa na hagu in ya ɗauki fensir? To, malamin da ya koya mini karatu a ajin yamma ya ga zanensa, ya ba mu labarin Leonardo da Vinci, wani gwanin zane na Italiya wanda ya zana injin tashi sama tun ba a san jirgi ba. Ashe shi ma bahago ne, kuma daga dama yake fara rubutu kamar Larabci! Na yi dariya har da hawaye.

Saƙonka ya iso, wai tun da aka mayar da kai gida ba ka iya barci, in turo maka yaron. Halas, magana ta ƙare, ka cire rai. Me zai zana a wurinka, bulala?

Jiya ya zana mu duka a bangon ɗaki. Da ya zo kanka sai ya tsaya, ya ce mini, "Jaddi," wato Kaka, "yaya hancin Baba yake?" Na ce ya bar wurin haka, ai Leonardo ma ya sha barin aiki bai ƙarasa ba. Wallahi zanen ya yi kyau.

Allah ya ba ka haƙuri. In ka sami mai zuwa umara, ka aiko mana da yaji da daddawa.

Mahaifinka,
Jabiru