Aninanka Suna Kan Rufi, Yaya Sada

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Sada Tela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Maganar ce ta ƙi kwanciya a cikina, kuma ka ga yanzu na iya rubutu.

Albishirinka. Lawal ɗanka da Hadiza 'yata sun sami ɗa namiji. Auren zumuncin da ka ƙulla kafin ka tafi ya yi albarka. An raɗa masa sunanka, muna kiransa Abba, don babu bakin da zai iya kiran sunan kai tsaye. Ranar suna na kasa rufe baki, har uwargida ta ce in kama kaina, mutane na kallo. Na riga na raɗa wa yaron a kunne cewa kakarsa matata ce, kada ya sa rai.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ji daɗi.

Ka tuna gwangwanin nan naka na shagon Ƙofar Kaura, wanda ka cika da aninai da kwabbai masu huji na zamanin Turawa? In aiki ya lafa, sai ka zube su kan teburin keke kana jujjuyawa. Mutane suka sa maka Sada Anini. Suna cewa tela da aninin riga aka san shi, kai kuma ka koma tara wanda ko gyaɗa ba ya saye. Kana karanta ɗan larabcin da ke jikinsu, bokon ne ya gagare ka. Kakan ce, "Kowanne da sunansa, ni ne dai ban iya kira ba."

Bayan rasuwarka na shiga ajin manya na yamma, da furfurata da komai. Malaminmu, Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna ne, ya taɓa jin ina labarinka. Kwanaki sai ga shi da wani littafi mai kauri da ɗansa ya aiko masa daga waje, ya ce in riƙe. Littafin gwanjon tsofaffin kuɗi ne.

Bari in gaya maka yadda suke yi, don na san za ka so ji. In mai tara tsofaffin kuɗi ya mutu, za a yi gwanjon kayansa, sai a buga littafi. Kowane kwabo da hotonsa gaba da baya, da shekararsa, da inda aka ƙera shi, da hannayen da ya bi. In an gama gwanjo ba a yar da littafin. Masu sha'awar abin suna ajiye shi shekara da shekaru, suna komawa gare shi kamar yadda malami ke komawa littafi in an kawo masa fatawa.

A shafin farko akwai hoton mai kayan. Tsoho ne kamarka, Yaya, har da irin tabarau ɗinka. An ba da tarihinsa, an yaba haƙurinsa. Na daɗe ina kallonsa. Shi an buga masa littafi, kai an sa maka suna a bakin titi.

Da ƙamus a gefe na bi littafin a hankali har na kai ga irin naka. Ga tauraron, ga kambin, ga hujin a tsakiya. Ashe akwai wani ɗan harafi ƙanƙane daf da hujin, shi ke faɗin gidan da aka ƙera kuɗin. Da shi da shekara ake raba wanda ya cika duniya da wanda masu nema ke bi ƙasa ƙasa. Kai da kunne kake rarrabe su, kana jefawa kan siminti. Littafin bai ce komai a kan ƙara ba. Amma cewa da kake ba ɗaya suke ba, ka yi gaskiya.

Na saɓi littafin na nufi wajen Lawal. Ina so in zauna da gwangwanin in kira kowanne da sunansa, sannan in zaɓi ɗaya in sa wa Abba a zare a wuyan hannu, kamar yadda Inna ta yi mana muna jarirai. Da na ce masa littafin gwanjo na samu, sai ya tambaye ni ko akwai kwat daidai shi. Da na tambayi gwangwani, sai ya nuna mini sama.

Wai damina ta farko bayan ka rasu iska ta ɗage kwanon ɗakinka. Kafinta ya zo gyara, washa ta ƙare masa, ɗan faifan ƙarfen nan da ake sa wa ƙusa don kada ruwa ya bi ta. Ya hangi gwangwani, ya ga abu mai huji daidai ƙusa. Lawal ya ce ya ɗiba, gara su yi amfani. Ranar rabon gado ma ba wanda ya ambace su, an raba keke da almakashi, an tsallake gwangwani. Ɗanka yana ba ni labarin nan yana dariya, Yaya. Yana ganin dabara ya yi.

Na matsa har ya yarda a ciro mini ɗaya. Kafinta ya hau tsani ya sauko da shi. Ya lanƙwashe kamar bakin cokali, ya yi baƙi. Kan ƙusa ya cinye gefen hujin, daidai inda harafin yake zama. Shekarar ma guduma ta tafi da rabinta. Na aza shi kan shafi bayan shafi, bai zama kowa ba.

Na ce a sauko da su duka, ko cikin sauran akwai wanda ya tsira. Lawal ya ce ga damina a bakin ƙofa, Hadiza kuma da ta gama wankan jego a gidana ɗakin nan za ta koma da jariri, kuma kowace ƙusa aka zare yoyo ne. Gaskiyarsa ce, ita ce kuma ta fi ƙona mini rai.

Jiya hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na sa kafinta ya toshe gurbin da muka buɗe, na ce kada a ƙara taɓa ko ɗaya. Lanƙwasasshen na wanke shi na zura masa zare. Sauran suna can suna shan rana, takwaranka zai kwana ƙarƙashinsu bai jiƙe ba. Lawal kam ban yafe masa ba tukuna. Ina gaishe shi, ina cin abincin gidansa, amma ba na ɗaga kai in na shiga.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna. Ya raya Abba bisa imani, ya ba shi haƙurinka. Ni kuma ya wanke mini zuciya kafin in iso.

Ƙanenka da ya makara,
Mamman