Kwalekwalen Jafaru Ya Fito

Zuwa ga Yaya Abbas, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya buɗa kasuwa. Mu ma nan Dutsi lafiya lau, sai zafin bazara. Baba yana nan da ciwon ƙafarsa, in ta lafa ya je masallaci, in ta motsa ya yi salla a zaure yana faɗa da kowa. 'Yata Raihana ta fara tafiya, ba abin da take bari a inda aka ajiye shi. Na rubuto maka ne maimakon in kira, don a waya kai kake magana ni ina cewa to, yau kuwa so nake ka ji ni har ƙarshe.

Yaya, an samu mijina Jafaru. Tun ranar da kwalekwalensa ya nutse a dam da kaka, labarin da kake ji guntu-guntu ne, bari in ba ka shi gaba ɗaya. Ka san gonar su Jafaru tana tsallaken ruwa, zagayawa da amalanke kuwa yini guda ne, shi ya sa ya sayi kwalekwalen. Ranar ya loda dammunan gero shi da ƙanensa Maharazu. Suna tsakiyar ruwa iska ta taso, jirgin ya karkata. Maharazu ya ce ya yi ta ƙoƙarin ture dammunan cikin ruwa don jirgin ya miƙe, ko ɗaya bai motsa ba. Shi ya rungumi jarka ya tsira. Jafaru da jirgin suka yi ƙasa tare. An ɗauko masunta daga nesa suka yi ta nutso, amma bana dam ɗin ya cika maƙil, ƙasansa kuma laka ce, ba su ga komai ba.

Tun daga nan na zama abin da ba shi da suna. Na ce zan shiga takaba, Malam Nu'uman limaminmu ya ce ba a takabar wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, sai an ga gawa ko alƙali ya yanke hukunci. Inna, surukata, ta hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa, ta ce ba za a yi wa ɗanta makoki yana iya yiwuwa wani ya tsince shi ba. Mata su shigo, su zauna, su rasa gaisuwar da za su yi min, sai su tambayi lafiyar Raihana su tashi. Ni kuwa in yi shara, in yi daka, in ɗora tukunya, in ci har in ƙoshi. Ban yi kuka ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa kukan yana nan, na ajiye shi ne sai ranar da aka ba ni izinin zama, in rufe ƙofa in yi shi a tsanake. Takabar nan nake jira kamar yadda ake jiran ruwan shuka.

Da bazara ta yi nisa ruwa ya ja baya sosai. Wani bafillace da ya kai shanu shan ruwa ya hangi bakin jirgi ya leƙo daga cikin laka. Maza suka tafi da igiyoyi da shanun huɗa, suka ɗaura, suka yi ta ja har ya fito tudu. Dammunan suna nan a cikinsa, sun ruɓe sun zama baƙin taɓo, amma igiyar ba ta kwance ba. Ashe Jafaru ya ɗaure kayan ne a jikin jirgin tamau, irin ɗaurin da yake yi wa amalanke, ya zagaya ya sake zagayawa ya ƙulle a katako. Wani tsohon masunci da ke wurin ya ce su ba sa ɗaure kaya a jirgi, don in ruwa ya nemi kaya sai a ba shi a tsira da rai. To mu ina muka san wannan? Mu manoma ne, ruwan dam ɗin nan a gonakinmu ya zo ya same mu. Kai ma ka san Jafaru, duk garin nan ba wanda ya taɓa ganin daminsa ya faɗo a hanya, har yabonsa ake yi a kan haka. A cikin igiyar aka sami ƙafarsa. Da rigarsa aka gane shi, ni na wanke ta ana gobe zai tafi.

An haɗa abin da ya saura, an yi masa salla, an kai shi makwancinsa. Inna ta faɗi sai da aka yayyafa mata ruwa. Ni kuwa da aka gaya min, na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da tankaɗen da nake yi don kada kaji su ɓata garin.

Washegari na kwance kitso, na cire 'yan kunne, na ɗauko tsohon zane, na aika Maharazu ya gaya wa Malam cewa yau na shiga takaba, ya faɗa min abin da ya kamata in kiyaye. Malam ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da aka ji labari ba. Jafaru tun kaka ya rasu, saboda haka kwanakina sun cika tuntuni. Ya ce ba abin da ya rage a kaina, in yi kitsona, in fita harkokina. Har barka ya yi min, wai Allah ya sauƙaƙa min. Ban ga laifinsa ba, abin da ke littafi ya faɗa. Amma Yaya, na yi takabar mijina ina zuwa biki, ina jan ruwa, ina duban hanya, ban san ita nake yi ba.

Yanzu Baba ya ce tunda ba abin da ya riƙe ni, in tattara in dawo gida, za a ba Maharazu ɗakin don aurensa ya matso. Ba na jayayya da Baba, kai ne yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi ka roƙa min, a bar ni a ɗakin nan ko zuwa faɗuwar ruwa ne. Ba na neman a kira shi takaba. Zan zauna ne kawai. Har yau kukan bai zo ba, ina tsoron in na bar ɗakin nan ya zo bai same ni ba.

Ka gaishe min da matarka Madina da kyau, da Sada da Rabi, da ɗan autan da ban gani ba tukuna. Inna da Maharazu suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Hussaina