Bana Dada Ba Ta Ware Iri Ba

Zuwa ga Yaya Hadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa muku asiri a can Fatakwal. Mu nan Zandam lafiya, an yi girbi, dawa ta yi kyau. Maganar mahaifiyarmu Dada ce ta hana ni sukuni.

Ka san ni nake karanta wa matan gida labari a waya idan suna ɓarar gyaɗa, tunda na koya wa kaina karatun. Ƙanwarmu Ummussalma ta samo wani na soyayya, irin na yanzu. A labaran da can masoya su sha wuya, a ɗaura aure, a tashi. Waɗannan kuwa an yi auren, ga gida ga mota, sai matar ta zauna tana cewa so da ƙi duk ɗaya ne, tunda ƙasa za ta cinye kowa. Na ce ƙoshi ne ya yi wa marubuciyar yawa, da ta taɓa wuni a gona da ba ta samu sararin wannan shirmen ba. Kowa ya yi dariya ban da Dada. Ta ce in maimaita wurin, na maimaita. Ta ce yarinyar ba ta yi ƙarya ba, duk zaman da ita Dada ta yi da Baba ga shi damina ɗaya ta baje kabarinsa. Magana zarar bunu, ban san yadda zan mayar ba.

Yaya, bana Dada ba ta ware iri ba. Ka tuna yadda take zaɓar zangarniya Baba na riƙe mata kwando, ta rataye a ɗakin girki hayaƙi ya tsare. Har aka fara sussuka ba ta leƙa ba. Na yi faɗa, ka san bakina, na ce Allah bai halicce mu don wasa ba. Ta ce ta sani, ai ba ta bar salla ba, in ƙyale ta. Na zaɓo da kaina na kai mata ta duba. Ta jujjuya su, ta ce duk ɗaya ne, in rataye wanda na ga dama. Na rataye, amma ban san me za mu shuka baɗi ba.

Ka gaida Anti Barira da Safiyanu da ƙaramar. Don Allah ka kira Dada. Kada ka tsaya a gaisuwa, za ta ce maka lafiya lau. Ka tambaye ta iri.

Naka ƙane,
Ashiru