Katangar da Zaharadden zai shiga

Hindawiyya, Jidda

Zuwa ga 'yata Zubaidatu,

Bayan sallama, ina fata kina lafiya, da maigidanki Muntaka da yara. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ke ɗan yi mini gardama in na ɗauki kaya, amma ba komai.

Na ji ɗanki Zaharadden zai shiga babbar ƙungiyar ƙwallo a Amurka. Wallahi sai da na yi sujada, na raba dabino a layinmu. Da hannuna nake rubuto miki murnata, karatun yaƙi da jahilci da nake zuwa da yamma bai tafi a banza ba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Maƙwabcina Adamou ya nuna mini tarihin tsofaffin masu tsaron bayan ƙungiyar a waya, gurbin da Zaharadden zai tsaya ke nan, waɗanda suka yi shekaru ba a keta su, har ake ce musu katanga. Ashe ƙwallon Amurka ba irin tamu ba ce. Ban ga sun buga ƙwallo ba, sai karo kamar raguna. Na ce, "Adamou, ina suke yanzu?" Ya nemo hoton taronsu. Biyu na dogara sanda, ɗaya ana tura shi a keke. Ya ce, "Halas, shi ke nan, Baba, ai sun yi suna."

Me ya sa yaron bai gaya mana wannan ba?

Kada ki bari ya sa hannu a takardar ƙungiyar sai ya kira ni. Na ba da gwiwata ne wajen dako don kada waninku ya ba da tasa, balle kansa.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Malam Ɗan'auta