Bututun da Aka Binne Ƙarƙashin Ɗakin Inna

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Famfo ta garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanenka, ina neman afuwa da na fito da maganar nan bainar jama'a. Sau uku ina zuwa shagonka. Zuwan farko aka ce ka tafi Funtua sarin kaya, na biyu kana ɗaurin aure a Dayi, na uku na same ka, ka ce in yi haƙuri za a zauna. Na yi haƙurin, Alhaji. Mako shida ke nan ba a zauna ba.

Sunana Haruna, manomin masara ne ni. Mahaifiyata, wadda kowa a unguwa ke kira Inna, tana gidana. Shekaru sun ja, gwiwa ta kama ta, daga gado sai tabarmar salla. Ɗakinta na ƙasa ne, marigayi mahaifinmu ya gina shi da hannunsa. Duk sauran gidan mun mayar da shi na bulo, ita ta ce nata ba mai taɓa shi tana raye. Yau bangon ɗakin nan ya jiƙe tun daga tushe, ya tsage, kuma a gindinsa take kwana.

Na farko, yadda aka yi aikin. Bara bayan girbi mu gida huɗu muka haɗa hannu muka haƙa bohol, aka kafa tanki a gidana. Garba, ɗan ƙungiyarku, shi muka ba aikin jan bututu zuwa gidajen. Ina tsaye abin haɗa bututu ya ƙare masa. Maimakon ya sayo, sai ya kunna takardar buhun siminti, ya gasa bakin bututu har ya yi laushi, ya cusa ɗaya cikin ɗaya. Na tambaye shi ko wannan zai riƙe. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai ka san masara." Na ƙyale shi, don ban so a ce na raina sana'ar mutum. Ranar da ya ja babban bututun da ke fita zuwa maƙwabta ina kasuwa. Na dawo na tarar ya bi da shi ta ƙarƙashin bangon Inna don nan ne ya fi kusa, ya mayar da ƙasa, ya shafe da siminti. Babu wuta ranar, ba a tura ruwa tanki ba, ke nan bai gwada ba ya binne. Ba zan ɓoye laifina ba. Na san ba a gwada ba, amma ina ɗokin Inna ta ga ruwa a ƙofar ɗakinta, na sallame shi.

Na biyu, yadda abin ya bayyana. Inna ce ta fara cewa tabarmarta na sanyi. Muka ɗauka jikin tsufa ne. Sai gindin bangon ya yi duhu, a tsakiyar bazara fa, lokacin da ko kare neman inuwa yake. Daga nan yaɓen ya fara zubowa, sai tsaga ta fito siririya. Yau ina sa yatsu uku a cikinta.

Na kira Garba. Ya zo da guduma, ya farfasa simintin tsakar gida wuri uku bisa lalube, bai ga komai ba. Da ya rasa abin faɗa sai ya ce ƙila tsohuwa ce ke zubar da ruwan alwala jikin bango. Haba, Alhaji! Matar da buta ɗaya ke isar ta yini guda? Wallahi da ba a gaban ɗakinta muke ba, da na faɗa masa abin da zai kwana yana tunawa. Ya ce zai dawo da kayan aiki. Tun ranar wayarsa ba ta shiga, in kuma ta shiga yana wani aiki a ƙauye.

Wanda ya nuna mini gaskiya ba mai gyara ba ne ma. Baba Sande ne, wani dattijo mai shagon kayan famfo a Funtua, wanda iyayensa suka zo daga kudu suka haife shi a can. Da na kai masa kukana, ya ce in cika tanki da hantsi, in sa a rufe kowane famfo a gidajen huɗu, in ja layi da gawayi daidai bakin ruwan, in dawo da la'asar. Na yi. Ba wanda ya ɗebi ko kofi, amma ruwan ya sauka faɗin tafin hannu. Ya kuma ce in kafa guntun rodi a ƙasa in sa kunne a kansa, in riƙa matsawa taki-taki. A tsakar gida shiru. A gindin bangon Inna na ji ruwa na huci da kunnena. Ni da na san masara kawai na gano wurin a yini ɗaya, ban fasa ko'ina ba.

Na uku, kuma nan ne kukana yake, dokarku. Masu gyara uku na kira ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo, ya tsuguna, ya ga bangon, ya yi salati. Sai ya tambaya wa ya yi aikin. Da jin sunan Garba sai ya tattara kayansa. Na ƙarshensu ya ji kunyata ya faɗa mini dalili: ba a shiga aikin ɗan'uwa sai shugaba ya ba da izini, wanda ya saɓa a ci shi tara, a daina kiran sa manyan ayyuka. Na fahimci dokar. Mu ma a gona ba ka shiga kunyar wani ba da saninsa ba, kuma ba na son a ƙwace wa kowa abincinsa. Amma dokar ta ɗauka mai aikin zai dawo. Idan ya ƙi fa? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Garba ya ƙi askin, ku kuma kun hana kowa ɗaukar askar.

Na san za a ce me ya hana ni rufe ruwan. Na rufe, kwana biyar. Gidaje uku suka koma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, mutanen da muka yi shekaru muna cin tuwo tare suka fara amsa gaisuwata da ƙyar. Ban ga laifinsu ba, da guminsu a bohol ɗin. Muka sasanta a kan a buɗe awa ɗaya kowace safiya. Ni nake buɗewa da hannuna, ina sane da inda rabin ruwan yake tafiya. Wannan awar ita ce mafi tsawo a yinina.

Za a ce in haƙa da kaina. Na kawo magini, ya zagaya bangon, ya ce ba zai sa diga a gindin jiƙaƙƙen bangon ƙasa ba sai wanda ya san inda bututun ya bi yana tsaye, don sara ɗaya a inda bai dace ba ɗakin zai zauna. Za a ce in fitar da Inna. Sau biyu muna ɗaukar ta zuwa ɗakin bulo. Sau biyu tana rarrafowa ta koma, da gwiwar nan tata. Na biyun na tarar da ita a bakin ƙofa tana haki, ban ƙara gwadawa ba. Ina jin tsoro, Alhaji, kuma ba na kunyar faɗa. Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Kowa a garin nan addu'ar ruwa yake, ni manomi ina kallon sama gabana na faɗuwa.

Ga roƙona. Ka zo da ƙafarka ka ga bangon, gani ya kori ji. Ka sa Garba ya zo ya nuna inda ya bi da bututun, ko da ba zai taɓa komai ba. Ka ba wani izini ya yanke layin ya zagaya da shi ta waje, a fili, inda ido zai gan shi. Sannan don gobe, ku sa wa dokarku wa'adi, in mai aiki bai dawo cikin kwana uku ba kowa ya iya shiga, kuma ku hana mutanenku binne bututun da ba a sakar masa ruwa an gani ba. Ba na neman a kori Garba, yana da iyali.

Ina jira zuwa ranar Asabar. In ba a zo ba, na riga na yi magana da magini, za mu kware rufin mu rushe ɗakin da kanmu kafin ya rushe a kanta. Jiya bayan azahar na durƙusa na faɗa wa Inna. Na shirya jin faɗa, ba ta yi ba. Ta daɗe tana shafa bangon da tafin hannunta, sannan ta ce in dai haka ne, in kai ta Gozaki wurin ƙanwata tun ranar Juma'a, don ba ta son ta ji ƙarar.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka ikon riƙe amanar mutanenka da tamu, ya sa kada ka taɓa durƙusawa gaban mahaifiyarka da irin maganar da na kai wa tawa.

Wassalam.

Naka, Haruna.